Dayarin sabuwar shekara ga ɗan sakandare: wanne ya ci kuɗinsa?

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, masu kayan rubutu a Bauchi, tun daga Wunti har Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka fi yawa, sukan fito da dayarin sabuwar shekara su jera a gaban tebur. Lokacin ya zo daidai da hutun zango na ɗaya. Yara suna gida, takardar sakamako tana hannu, saurayi ko budurwa mai shekara 14 zuwa 18 yana cike da ƙudurin cewa baɗi zai gyara. Iyaye da yayye da dama sukan saya musu dayari don ƙarfafa gwiwa. Niyyar mai kyau ce, sai dai abin da ake ɗauka yawanci ba don ɗalibi aka yi shi ba.

Kaya iri uku ake samu a kan teburan. Akwai dayari mai kauri wanda kowace rana take da shafinta, mai bango kamar fata da zaren alama. Akwai siriri wanda mako guda yake cin shafi biyu masu fuskantar juna. Sai kuma littafin rubutu mai bangon kwali, wanda ba kwanan wata a cikinsa sam. A ganinmu na ukun ne ya fi yi wa ɗalibi aiki, kuma shi ne mafi araha nesa ba kusa ba. Na biyun yana biye masa idan an dace da mai ɗinki. Na farkon, wanda ya fi kyau a ido kuma aka fi saya a matsayin kyauta, shi ne ya fi saurin mutuwa a hannun yaro.

Dalilin mutuwarsa yana cikin tsarinsa. Yawanci ana haɗa Asabar da Lahadi a shafi ɗaya, don haka shafukan kwanaki kaɗai sun kai 312, ban da na gaba masu taswirar duniya, lambobin kiran ƙasashe da jadawalin awo. An tsaga kowane shafi awa-awa daga safe zuwa yamma, saboda ma'aikacin ofis mai ganawa da mutane aka yi wa shi. Ɗan aji biyar ba shi da ganawa. Ƙararrawar makaranta ta riga ta yanka masa safiya, Islamiyya ta ɗauki yamma, aikin gida ko shagon Baba ya cinye abin da ya rage. Abin da zai rubuta a rana bai wuce layi uku ko huɗu ba. A makon farko na Janairu, da yake ana hutu, zai cika shafi. Ana komawa makaranta sai ya tsallake kwana uku, ya buɗe ya tarar da fararen shafuka uku kowanne da kwanan watansa a sama. Wannan ganin yana karya gwiwa ƙwarai, kuma yaro yakan fassara shi da cewa shi ne ya kasa. Kafin Fabrairu ta ƙare an ajiye littafin, ƙanne suna yagar takarda a ciki. Ga nauyi kuma: jakar da ta riga ta ɗauki littattafan darasi takwas ko tara ba ta da wurinsa, sai a bar shi a gida, abin da ba ya kusa da hannu kuwa ba a rubutu a cikinsa.

Ɗaurin littafin shi ne abu na biyu, kuma nan ne masu saye suka fi yin asara domin bango yana rufe aibin. Dayari mai araha da gam ake manne takardunsa ɗaya-ɗaya a gadon baya. Gam ɗin yana bushewa ya yi tauri a hunturu, littafi mai kauri kuma sai an danne shi kafin ya kwanta a buɗe, dannawar nan ce take tsaga shi. Daga nan takardu su fara fita daga tsakiya. Zafin Maris da Afrilu yana ƙarasa abin da hunturu ya fara, musamman idan an bar jaka a rana. Bangon da yake kama da fata roba ce siririya a kan yadi, takan fara saɓulewa daga kusurwoyi. Mai waya a gefe yana kwanciya sosai a kan tebur, wannan kam gaskiya ne, amma wayar takan lanƙwashe a cikin jaka, shafi ya riƙa maƙalewa har ya yage ta wajen hudojin.

Gane mai ɗinki ba wuya. A duba littafin ta sama, daidai gadon baya: idan an ga takardun a naɗe rukuni-rukuni, alama ce mai kyau. A buɗe tsakiyar rukuni ɗaya, za a ga zare a kwance cikin tsagin. In ba zare, gam ne kawai. Yawancinsu a cikin leda suke zuwa, don haka sai an nemi izini: "Alhaji, a buɗe mini ɗaya in duba ɗinkin." Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya ƙi. Tunda an buɗe, a duba takardar ma. Takardar fotokwafi da aka saba da ita mai nauyin giram 70 ko 80 ce, ita ce ma'auni. A ɗaga shafi ɗaya zuwa haske. Idan layukan baya suna fitowa ɓaro-ɓaro, takardar ta yi siranta, rubutun gaba zai dame na baya, kuma rabin littafin ya tafi a banza. A bi shafukan da yatsa a tabbatar watanni goma sha biyu sun cika kuma a jere suke, domin a masu arahar akan tarar da rukuni guda ya maimaitu ko ya ɓace. A duba shekarar a ciki, ba a bango kaɗai ba, a gwada ranar 1 ga Janairu da kalandar waya. Ragowar kayan bara yakan saje da na bana.

Siririn nan mai mako a shafi biyu ya fi dacewa da yadda rayuwar ɗalibi take tafiya, domin makaranta da mako take lissafi. Shafukansa 104 ne, girman A5, wato santimita 14.8 da 21, yana shiga jaka ba tare da an ji shi ba. Wanda ya tsallake Talata da Laraba ya bar gurbi biyu ne ƙanana, makon bai lalace ba. Aibinsa shi ne ya matse Asabar da Lahadi a lungu, alhali su ne ranakun da yaro a nan ya fi samun sarari, kuma su ne ranakun hadda da lesin. Ba shi da wurin rubuta abin da aka karanta sai 'yan shafuka a ƙarshe. Ba kowane shago yake kawo shi ba, sai an zagaya.

Dayarorin biyu suna da matsala guda da ba a cika lura da ita ba sai an shiga shekara. Sun fara daga Janairu sun ƙare a Disamba, shekarar ɗalibi kuwa daga Satumba take farawa ta ƙare wajen Yuli. Na waje ba su san ranakun hutunmu ba, ba 12 ga Yuni, ba 1 ga Oktoba. Mafi yawansu ba su da watannin Hijira. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan cikin zango na biyu yake faɗowa, daidai lokacin da 'yan aji shida suke shirin JAMB, jarrabawar shiga jami'a. A 2025 Bauchi tana cikin jihohin da suka ba da hutun makaranta a watan azumi. Duk tsarin karatun da bai yi lissafin wannan watan ba, zai watse a cikinsa: barci ya sauya, ƙarfin rana ya ragu, dare ya cika da ibada. Wanda ya sayi bugagge dole ya zauna da fensir ya saka waɗannan da hannunsa, da fensir domin sai an ga wata ake tabbatarwa.

Shi ya sa muka fifita mai bangon kwali. A nemi mai falle 80 ko fiye, mai ɗinki, mai yadi a gadon baya. Falle 80 shafi 160 ke nan. Aikin shirya shi yini ɗaya ne na hutu, da rula da biro. A fara sa wa shafukan lamba a kusurwa. Shida na farko na lissafin shekarar da ta wuce ne, biyu na buri, huɗu na kalanda mai watanni uku-uku a shafi, inda za a saka ranar komawa makaranta, jarrabawa, azumi da sallah. Sai 104 na makonni. Ashirin na littattafan da aka karanta, ashirin na kurakuran da aka yi a tambayoyin gwaji. Shafi huɗu suka rage, a bar su. Kada a tsaga makonni 52 gaba ɗaya a ranar farko. A tsaga huɗu kawai, kuma kada a rubuta kwanan wata sai makon ya zo. Amfanin haka shi ne idan rashin lafiya ko tafiya ta cinye mako biyu, ba farin shafin da zai tsaya yana tuhumar yaro, sai ya ɗora daga inda ya tsaya. A shafin hagu a ja layi a raba kwana bakwai daidai wa daida. Shafin dama a bar shi buɗe, sama a rubuta abu uku da za a yi a makon, ƙasa a rubuta abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba da dalili.

Aibin wannan littafin a fili yake. Ba shi da kwarjini, yarinya ba za ta nuna wa ƙawayenta shi da alfahari ba, kuma yana kama da littafin darasi, sai a wayi gari an kwafi aikin Kimiyya a ciki. A lulluɓe bangon da ƙyallen atamfa ko takarda mai launi, a sa leda a kai saboda damina. Wannan yana raba shi da sauran, yana kuma sa mai shi ya ji nasa ne.

Shafuka shidan farko su ne zuciyar abin, kuma ba kasafai bugaggen dayari yake tanadar wurinsu ba. Yara sukan cika su da kalamai irin su "bana na yi wasa da yawa", wanda ba ya nuna inda za a kama. A ɗauko takardun sakamako na zango uku da suka wuce. A ja tebur: darussa a tsaye, zanguna a kwance, a raba makin gwaji da na jarrabawa. Wanda makin gwajinsa ya yi kyau amma na jarrabawa ya faɗi, matsalarsa riƙewa ce ko saurin rubutu, maganinsa bita da gwaji da agogo. Wanda duka biyun suka faɗi, bai fahimci darasin ba tun a aji, maganinsa mai koyarwa. Daga nan a sauka daga sunan darasi zuwa babi. "Lissafi yana ba ni wuya" ba ya gyaruwa, amma idan aka buɗe littafin aji aka yi wa kowane babi alamar na iya, na ɗan iya, ban iya ba, sau da yawa sai a ga babi huɗu ko biyar ne suke jan makin ƙasa. Shafi ɗaya na waya ne: wayoyin Android suna nuna awannin da aka yi a kowace manhaja a cikin saitinsu, a kwafi na kwana bakwai yadda suke, a rubuta kuɗin data na wata a ƙasa. Shafi ɗaya na abin da aka samu: izu nawa aka ƙara, wace sana'a aka fara koya, wa aka taimaka, da wa aka shirya bayan saɓani. Kada a tsallake wannan. Yaron da bai ga abin da ya yi daidai ba, ba zai samu ƙarfin gyara wanda ya yi kuskure ba.

Buri kada ya wuce huɗu, kuma kowanne ya zo da adadi da lokaci. "Zan dage da karatu" ba a iya duba shi ranar Juma'a a ce an yi ko ba a yi ba. Ga mai shirin JAMB, lissafin a bayyane yake: tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku, maki 400. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Burin da ya dace shi ne tambayoyin baya 20 cikin minti 14, Litinin, Laraba da Asabar bayan la'asar. Mako 12 a haka tambaya 720 ce. Duk wadda aka faɗi a kai ta shafukan kurakurai, tare da amsar daidai da dalilin faɗuwar: rashin sani ne, gaggawa ce, ko rashin fahimtar Turancin tambayar. Waɗannan shafukan ne za a karanta a makon jarrabawa. A 'yan shekarun nan rajista takan buɗe a Janairu ko Fabrairu, a yi jarrabawar wajen Afrilu, WAEC ta biyo a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli. Rajistar tana buƙatar lambar NIN, saboda haka tabbatar da cewa suna da ranar haihuwa sun dace a duk takardu aiki ne na hutun Disamba, domin gyara yana cin lokaci. A shafin buri a rubuta kwas ɗin da ake so da darussan da yake nema. Mai son injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri zai zauna, mai son likita ya musanya Lissafi da Bayoloji. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, su ne ƙofar, wato C6 zuwa sama.

Burin hadda ma da lissafi ake yin sa. Mushafin Madina shafi 604 ne, layi 15 a shafi, izu guda kimanin shafi goma. Layi biyar a rana, kwana shida a mako, shafi biyu ke nan, izu guda a mako biyar. Abin da yake rusa wannan burin shi ne ƙari ba muraja'a, don haka a ware gurbi biyu a kowace rana, ɗaya na sabo ɗaya na tsoho.

Karatun nishaɗi shi ne burin da aka fi rubutawa kuma aka fi saki. "Littafi hamsin a bana" ba na ɗalibin da yake da jarrabawa ba ne. Shafi goma a rana, bayan isha ko kafin a fita da safe, shafi 300 ne a wata, wato littafi ɗaya mai kauri ko ƙanana biyu zuwa uku. A fara da gajere wanda za a gama cikin mako guda, domin gamawar ce take jawo na gaba. Ɗan Bauchi bai kamata ya fita sakandare bai karanta Shaihu Umar ba. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta, aka buga a 1934 lokacin bai wuce shekara 22 ba, kuma gajere ne, labarin yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi da uwar da ta bi sawunsa ta ƙetare Sahara. Wanda ya gama ya je kabarin marubucin a cikin gari, zai kalli wurin da wani ido daban. Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, labaransa gajeru, kowanne ya yi daidai da zaman dare ɗaya, kuma Hausarsa tana gyara rubutun mai karatu ba tare da ya sani ba. Waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, sun fi nauyi, Larabci ya yi yawa a ciki, gara a karanta su da ƙarfi a gaban malamin Hausa ko wani dattijo a gida. A gefen Turanci, JAMB takan sanya littafin labari guda da ake yin tambayoyi a kansa, a tabbatar da na shekarar kafin a saya, a karanta shi kansa sau biyu maimakon taƙaitawar da ake yaɗawa a waya.

A shafukan karatu kowane littafi ya samu rabin shafi: suna, marubuci, ranar farawa da gamawa, layi uku kan abin da ya faru, kalmomi biyar sababbi, da amsar tambaya guda, wa zan ba shi ya karanta. Wajen sayen littattafan a yi irin binciken da aka yi wa dayari, domin bugun sata ya yi yawa: rubutu dishi-dishi, shafuka a karkace, wasu babu su. A bi lambobin shafi har ƙarshe kafin a biya. Abokai huɗu su sayi littafi uku-uku su riƙa musanya, kowa ya samu goma sha biyu a kuɗin uku, ɗakin karatu na jiha da na makaranta kuma su cike giɓin. Labaran da ake turawa ta WhatsApp suna sa yara karatu, wannan alheri ne, amma da yawansu ba sa kiyaye ƙa'idar rubutu, ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Mai zana jarrabawar Hausa da ya saba da su kaɗai zai zubar da maki a insha'i.

Akwai magana ga iyaye da yayye. Ƙaramin kwaɗon da ake maƙala wa wasu dayarorin 'yan mata ado ne, tsinke yana buɗe shi, kada a ƙara kuɗi dominsa. Abin da yake tsare littafin shi ne mutanen gida su bar shi. Ranar da yarinya ta gane Yaya ya karanta shafinta yana ba da labari, ranar ta daina rubuta gaskiya. Gara a sa lokaci, minti goma yammacin Lahadi, Mama ko Baba su ce, "Zo ki nuna mini na wannan makon," ta buɗe shafin dama da kanta. Idan buri ɗaya ya kasa tafiya mako uku a jere, a rage adadinsa zuwa rabi ko a sauya masa lokaci, domin yawanci lokacin ne ya ci karo da aike ko girki.

Biro na yau da kullum ya fi mai ruwan tawada a wannan aikin. Tawadarsa ba ta ratsa siririyar takarda, kuma ba ta narkewa idan ruwan Agusta ya taɓa jaka. A ɗaure shi da zare a jikin bangon. Wanda ransa ya kafe a kan bugaggen dayari ya ɗan jinkirta: farashinsa yakan sauko idan Janairu ta yi nisa, tunda kaya ne mai ranar lalacewa kuma mai shago yana so ya rabu da shi. Makonnin da aka rasa a farkon littafin ba su ɓaci ba, a manna musu farar takarda a yi lissafin bara da burin bana a kansu.